Ana Gini a Ƙasa, Muna Lakca a Sama

Duk wanda jadawalin lakca ya kai shi ginin sashen kimiyya a wannan zangon karatu ba ya buƙatar a ba shi labari. Ya ga tulin yashi da tsakuwa a bakin ƙofa, ya ji ƙarar injin fasa kankare, ya kuma koma hostal da farar ƙura a gira kamar wanda ya fito daga gidan niƙa. Ana haɗe manyan azuzuwa biyu na ƙasa a mayar da su ɗakin gwaje-gwajen sinadarai, ana yanka tsohon sito zuwa ofisoshin malamai, mu kuma muna sama muna ɗaukar darasi.

Ƙorafi kam an yi shi, a kafteriya, a bakin masallaci bayan la'asar, da kuma guruf-guruf na WhatsApp. Amma da yake fasahar gini nake karantawa, na kuma yi wata huɗu na SIWES a wajen wani gini bara, ina ganin akwai abin da ya fi ƙorafi amfani da zan iya bari a wannan mujalla kafin in tattara komatsaina. Maganar ita ce, idan za a yi gini a cikin ginin da mutane ke amfani da shi, to mutanen nan sun shiga cikin aikin, ko an rubuta su a takardar kwangila ko ba a rubuta ba. Dole a yi lissafi da su kamar yadda ake lissafin buhun siminti da tsawon rodi. Mutanen nan kuwa mu ne.

Bari in fara da tambayar da kowa ke yi: me ya sa sai yanzu, me ya hana a jira hutu? Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna, ita ke tantance kwasa-kwasan kwalejojin fasaha na ƙasar nan. Idan tawagarta ta zo, tana duba manhaja, sannan ta shiga ɗakin gwaji ta ƙirga kayan aiki, ta auna ko ɗakin zai ɗauki yawan ɗaliban da ake da su, ta kuma leƙa inda malamai ke zama. Kwas ɗin da ya faɗi tantancewa ana iya hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Masu babbar difloma sun fi kowa sanin zafin abin, domin NYSC ba ta tura wanda ya fito daga kwas marar tantancewa. Ashe ke nan wannan ɗakin gwajin yana da alaƙa da darajar takardar da muke wahala a kanta.

Sai batun kuɗi. Mafi yawan gine-ginen da muke gani a manyan makarantun gwamnati da kuɗin TETFund ake yin su, asusun da dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun harajin ilimi na 1993. Ko daga ina kuɗin ya fito dai, ba ya isar kowane sashe ya samu sabon bene. Gyara tsohon gini ya fi sauƙi, tunda harsashi yana nan, rufi yana nan, ruwa da wuta sun riga sun iso. Hutun tsakanin zango biyu kuwa bai wuce 'yan makonni ba, alhali kankaren da aka zuba yau sai ya kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniya ya lissafa masa, kuma a makon farko sai an riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Ka ƙara da wayarin, da aikin famfo, da filasta, da tayil, da fenti. Babu hutun da zai ɗauke wannan duka. Don haka ban ga laifin a yi aikin muna ciki ba. Yadda ake yin sa muna ciki, a nan maganar take.

Foman ɗin aikin dattijo ne, birkila tun kafin a haife ni. Wata rana da azahar na same shi a gindin darbejiya yana cin gyaɗa, na gaishe shi na ce, "Baba, sannu da aiki. Wai tsakanin sabon gini da irin wannan, wanne ya fi wuya?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, sabon gini ai ɗinkin sabon yadi ne, ka shimfiɗa a tebur ka yanka yadda ka ga dama. Wannan kuwa ɗinkin riga ne a jikin mai ita. In ka yi sauri ka soke shi, in ka yi sanyi ya gaji ya tashi da allurarka."

Gaskiya ya faɗa. A inda na yi SIWES fili ne aka kewaye da kwano, babu mai shiga sai ma'aikaci. A fasa bango da ƙarfe bakwai na safe, a kashe wuta yini guda, a jibge bulo a duk inda aka samu wuri, ba wanda zai ce kanzil. A nan kuwa duk guduma ɗaya da aka buga akwai aji guda a samanta.

Abu na farko da ya kamata kowannenmu ya fahimta shi ne bango. Don a haɗe azuzuwa biyu dole a rushe bangon da ke tsakaninsu, kuma bango iri biyu ne. Akwai wanda aikinsa raba ɗaki kawai, nauyin ginin yana kan fila da bim. Akwai kuma wanda shi kansa yake ɗauke da dekin, wato rufin kankaren da mu na sama muke takawa. Kauri yana ba da alama, domin bulo inci shida, mai milimita 150, an fi yin bangon raba ɗaki da shi, inci tara mai milimita 225 kuma an fi sa shi inda ake son ƙarfi. Amma alama ce kawai, ba a rushe bango a kanta. Sai an nemo zanen ginin na asali, in kuma ya ɓata, kamar yadda zanen tsofaffin gine-gine kan ɓata, sai injiniya ya sa an kankare filasta ya ga fila da bim da idonsa. Idan bangon na ɗaukar nauyi ne, sai an tokare dekin da ƙarafa ko katako mai ƙarfi, a zuba sabon bim, a jira ya yi ƙwari, sannan a cire tokarar. Wannan hukunci ne na injiniya mai rajista da COREN, kuma magini mai rajista da CORBON ne ya kamata ya tsaya a kan aikin. Ba hurumin ɗan kwangila ba ne, ba kuma na foman ba, komai daɗewarsa a sana'a.

Nauyi ma haka yake. Dekin na aji ana lissafa masa kimanin kilo 300 a kan kowane murabba'in mita, wato mu da kujerunmu. To ɗakin gwaji yana son ruwan da ba ya yankewa, sai ka ji an ce a ɗora tanki a sama. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin lita 2,000 tan biyu ke nan a ɗan ƙaramin wuri. Buhun siminti kilo 50 ne, in aka jera 40 a kusurwa ɗaya ta baranda don gudun ruwan sama ko ɓarayi, shi ma tan biyu ne. Ba a ajiye irin wannan nauyi a inda aka ga dama, sai inda injiniya ya nuna.

Kada wani ya ce ina tsoratarwa. A watan Agustan 2022 wani bene ya rushe a titin Beirut da ke Kano, ana cikin gininsa, alhali jama'a na hada-hadar kasuwar waya a wurin. A ranar 12 ga Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ɗalibai na cikin aji, mutum 22 suka rasu. Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, matsalar tana wajen bin sa. Mu da muke zama a saman aikin nan kullum, idonmu ya fi na kowa kusa da shi. In ka ga sabuwar tsaga a bango, musamman wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga, ko ƙofar da jiya take rufuwa yau ta ƙi, ko tayil ya ɗago, ko filasta na zubowa daga sama, kada ka tsaya ɗaukar hoto don guruf kawai. Ka sanar da shugaban sashe a ranar.

Abu na biyu ƙura. Da yawanmu mun ɗauke ta a matsayin abin da ke ɓata wanki, alhali ta wuce nan. Yashi da bulo da kankare suna ɗauke da sinadarin silika. Idan aka yanka su da inji a bushe, ƙurar da ke tashi tana da laushin da take wucewa har can cikin huhu, kuma shaƙarta shekara da shekaru na jawo cutar silikosis, wadda ba ta da magani. Mu zango ɗaya za mu yi a cikinta, leburori kuwa rayuwarsu ke nan. Amma ko zango ɗayan ba wasa ba ne ga mai asma. Akwai 'yar ajinmu da ta koma zama a bakin taga da abin shaƙarta a hannu, ranar da ake yankan bango kuma ba ta zuwa gaba ɗaya, ga shi ana lissafin halartar aji kafin a bar mutum ya zauna jarrabawa. Da hazon hunturu ya sauko sai abin ya zama biyu.

Maganin wannan ba shi da tsada. A riƙa zuba ruwa a bakin injin yayin yanka. A rufe tsakanin wurin aiki da baranda da katako da leda mai kauri tun daga ƙasa har silin, a toshe kafofin. A yayyafa ruwa kafin shara. A ba ma'aikata takunkumi na gaske irin N95, domin shuɗin nan da muka saba da shi lokacin korona ba ya tare ƙura mai laushi.

Akwai kuma silin. Tsofaffin azuzuwan nan farin allon nan ne a samansu, wanda kowa ke kira asbestos. Ba kowane farin allo ne ke ɗauke da shi ba, amma ƙa'idar aiki ita ce a ɗauka yana da shi har sai gwaji ya nuna babu. Muddin allon yana zaune lafiya haɗarinsa kaɗan ne. Da zarar an farfasa shi sai ya saki wasu siraran zaruruwa da ido ba ya gani, waɗanda ke jawo sankarar huhu, kuma cutar kan ɗauki shekara 20 ko fiye kafin ta bayyana. Shi ya sa Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai kuma a 2005. Ana cire shi ne a jiƙe, ɗai-ɗai ba tare da an karya ba, a ƙulle a leda, lokacin da babu kowa a ginin. A namu an yi dabarar cirewa a ƙarshen mako, wannan a yaba. Sai dai ranar Litinin mun tarar da ɓaraguzan a buɗe a bayan gini, daidai hanyar da 'yan'uwanmu mata ke bi zuwa hostal, iska na kaɗawa.

Abu na uku ƙara da girgiza. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Injin fasa kankare yana kai wa wajen 100, wanda a wannan lissafin minti 15 ne kacal. Yaron da ke riƙe da shi yini yake yi, kunnensa a buɗe. Mu na sama ba za mu kurmance ba, amma ƙarar tana bin jikin kankare ta fito mana ta ƙarƙashin kujera, rufe taga ba ya hana ta. Ranar da muke gwajin lissafin ƙarfin gini, minti goma da farawa injin ya tashi. Malam ya tsaya ya dube mu, muka dube shi, ya sauka da kansa ya roƙi a dakata awa ɗaya. An dakata kuwa ba musu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya gaya wa masu aikin akwai gwaji, babu kuma wanda ya gaya wa Malam za a yi fasa a ranar.

Wanda abin ya fi shafa shi ne abokin kwanana, ɗan sashen fasahar ɗakin gwaji. Furojet ɗinsa a kan ruwan rijiyoyin unguwannin da ke kewaye da makaranta ne. Tsohon ƙaramin ɗakin gwajinsu yana jikin inda ake aikin. Sikelin da suke auna sinadari da shi yana karanta har 0.0001 na giram, ko tebur ka jingina da shi sai lambar ta motsa, balle ana fasa kankare a bayan bango. Ya koma yin awo da sassafe kafin ma'aikata su iso. Wannan ya jure. Sai ranar da ya ɗebo ruwa daga rijiyoyi, ya shuka a faranti, ya sa a na'urar ɗumama ƙwayoyin cuta wadda dole ta tsaya a digiri 37 har awa 24. Da yamma aka yanke wutar ginin duka don haɗa sabuwar waya, har da layin janareta, ba a dawo da ita ba sai washegari da hantsi. Sakamakon ya tashi a banza. Kayan shukar da kuɗin aljihunsa ya saya, kuɗin acaba zuwa unguwanni shi ya biya, ga ranar kare furojet tana matsowa. Aski ya zo gaban goshi, aka ce ya koma ƙeya. Wallahi daren nan bai ci abinci ba.

Yanke wutar ba laifi ba ne, ba a haɗa waya da wuta a jiki. Amma takarda guda da aka manna a ƙofa kwana biyu kafin ranar da ta wadatar. Da ya ɗaga ɗibar ruwan, ko ya kai farantansa wani sashen.

Abu na huɗu, wanda ya fi ba ni tsoro, hanyar fita. Ginin nan matakala biyu gare shi, kuma ba don ado aka yi biyu ba. An yi ne don in wuta ko hayaƙi ya tare ɗaya a bi ɗayar. Wata safiya muka zo muka tarar an sauke bulo a gindin matakalar baya, ta toshe ruf. A ƙasa ana walda, ga fenti da tina a ajiye, a sama azuzuwa cike. Ni da shugaban ajinmu muka je wajen foman. Ya dafe kai ya ce, "Subhanallahi! Da daddare motar ta zo, direba ya sauke inda ya ga fili. Ku yi haƙuri 'ya'yana, yanzu za a kwashe." Kafin la'asar an kwashe. Babu mugunta a ciki ko kaɗan. Direba ya yi aikinsa, mai gadi ya buɗe ƙofa, foman yana gida. Tsakanin aikin wannan da na wancan ne aka bar rami, kuma a irin wannan ramin ake faɗawa.

Yanzu bari in juya ga abin da ake ginawa, don shi ma akwai ruwanmu a ciki. Malamin da ke kula da ɗakin gwajin sinadarai ya zagaya da ni wata Juma'a bayan an tashi aiki. Na ce, "Malam, ni da na ɗauka tebur ne da famfo, sai na ga bututu ko'ina." Ya ce, "Ai abin da ke bayan filasta shi ne ɗakin gwajin, sauran kayan ɗaki ne."

Ga abin da ya nuna mini. Akwai akwatin zuƙe hayaƙi, inda ake aiki da asid da duk abin da ke tashi a iska. Fankarsa dole ta ja iska ta bakin akwatin da gudun kimanin rabin mita a daƙiƙa, bututunsa kuma ya hau har ya wuce saman rufi. In aka yi ganda aka fitar da shi ta jikin bango, hayaƙin zai tashi ya shiga tagar ajin sama, wato inda muke zaune yanzu. Iskar ɗakin gwaji ba a mayar da ita cikin gini, kuma ana so iska ta riƙa shiga ɗakin daga baranda, kada ta fito daga ɗakin zuwa baranda, musamman da yake ofisoshin malamai suna jikinsa. Bututun wanke-wanke na roba mai jure asid ake sawa, don asid yana cin ƙarfe. Tukwanen gas a waje ake gina musu keji mai iska, da makunni guda a bakin ƙofa da zai yanke gas ɗin duka. Wurin wanke ido dole ya kasance inda mutum zai kai cikin daƙiƙa 10 ko da ba ya gani, ruwansa kuma ya iya zuba minti 15 bai yanke ba. Ƙofa biyu, masu buɗewa waje. Abin kashe gobara wanda ya dace da wutar lantarki da sinadari, domin ba kowace wuta ake kashewa da ruwa ba.

Duk waɗannan, in ban da kaɗan, ranar da za a yanke kyalle a buɗe ɗakin ba wanda zai gan su. Za a ga fenti da tayil a yi tafi. Yanzu ne kaɗai, kafin a shafe, ake iya ganin ko an yi daidai. In an rufe da kuskure, gyaransa sai an sake fasa bango, ƙannenmu su sake shan ƙurar da muka sha.

Game da ofisoshi, na ji masu cewa an bar ɗalibai a matse an je ana yi wa malamai wurin shan iska. Ni ban yarda da wannan ba. Duk wanda ya yi furojet ya san yadda ake bin malami da fayil a hannu, a duba maka babi na uku a kan bonet ɗin mota, ko a ofishin da mutum biyar ke raba tebur biyu, kana jin kunyar a gyara maka kuskure a gaban jama'a. Ofis mai kyau amfaninmu ne. Abin da zan roƙa kawai shi ne a sa gilashi a jikin kowace ƙofa, yadda na waje zai ga na ciki. Wannan kariya ce ga ɗaliba, kariya ce kuma ga malami, kuma yanzu da ba a kafa ƙofofin ba ne yake da arha.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, muna sama muna zana bim a takarda, ana ɗaure rodin bim na gaske a ƙarƙashin ƙafarmu, amma babu wanda ya sauko da mu mu gani. An kafa SIWES tun 1973 don ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa, muna tafiya gari ya gari neman inda za a karɓe mu, ga aiki ya zo har gida. 'Yan fasahar gini da injiniyan gine-gine su ga yadda ake tokare dekin, su cika ƙananan akwatunan kankare masu milimita 150 su fasa a kwana 7 da kwana 28 su ga ko ƙarfin ya kai. 'Yan lantarki su ga yadda ake raba layi. 'Yan kimanta kuɗin gini su auna su kwatanta da takarda. 'Yan ɗakin gwaji su san inda kowane bututu ya bi. Rukuni-rukuni, da malami, da hular kwano, awa ɗaya a mako. Ba na nufin kowa ya riƙa kutsawa wurin aiki yadda ya ga dama, wannan haɗari ne. Kuma ɗan kwangilar da ya san ɗalibai za su fasa kankarensa a injin gwaji zai ƙirga buhun simintinsa da kyau.

Saboda haka ga roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai, kuma babu wanda ke buƙatar zanga-zanga a ciki. Na farko, a nemi kujera guda ga wakilin ɗalibai a zaman da ake yi tsakanin sashen ayyuka na makaranta da ɗan kwangila. Na biyu, kowace Litinin a manna jadawalin aikin mako a ƙofar ginin, a kuma ba foman jadawalin gwaji da jarrabawa, yadda za a kai fasa da yanka yamma ko ƙarshen mako. Na uku, kada a yanke wuta ko ruwa sai da sanarwar awa 48, in ba gaggawa ba. Na huɗu, matakala biyun nan su kasance a buɗe kullum, a shata wurin sauke kaya a nuna wa mai gadi. Na biyar, a rufe wurin aiki da kyau, a kwashe ɓaraguzan silin, a kuma yi wa masu asma sassauci a lissafin halartar aji. Na shida, a rubuta lambar mutum ɗaya da za a kira in an ga matsala. Na ƙarshe, in an gama, a zana ginin yadda aka gina shi a zahiri, da inda kowace waya da bututu suka bi, a ajiye kwafi a sashe da laburare, don wanda zai zo gyara nan da shekara 20 kada ya yi lalube. A yi wannan tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma in tawagar tantancewa ta kusa zuwa kowa sauri zai sa a gaba.

Mu 'yan ajin ƙarshe da wuya mu kunna ko famfo ɗaya a sabon ɗakin nan. Kafin fenti ya bushe mun karɓi sakamako mun watse, wasu aikin shekara guda kafin babbar difloma, wasu kasuwa, wasu aure. Mu muka sha ƙurar, 'yan aji ɗaya da waɗanda ba su ma cike fom ba tukuna su za su mori ɗakin. Ban ji haushin wannan ba, don azuzuwan da muka zauna a ciki ma wasu ne suka jure gininsu. Haƙurin da muke yi dai ya ba mu bakin magana, mu ce a yi aikin yadda ba zai cutar da na ciki ba, a kuma yi shi da ingancin da ba za a sake fasawa ba. Ku da za ku rage, in kun wuce ta wajen ku gaida foman da leburorinsa, ku riƙa duban bango, ku kuma riƙa tambaya.

Allah ya sa a gama lafiya, ya tsare na sama da na ƙasa, ya ba mu sa'ar jarrabawa. Amin.